Keken da Ya Shekara Bakwai a Rataye

Ranar sunan 'yar Nura ina kwance a ɗakina ina jin ku ta taga kuna ba surukanmu labarin faɗuwata a dutsen Kufena, ana ta ƙyaƙyata dariya. Hauwa, ke kika fi kowa zaƙewa, har da kwaikwayon yadda wai na ɗaga ƙafafu sama, alhali ranar kina Kaduna gidan mijinki, ba ki ga komai ba. A bakinku labarin ya zama na wani tsoho da ya yi ritaya, zaman gida ya ishe shi, ya sayi keken yara ya hau dutse, dutse ya jefo shi. Na daɗe ina ji ina haɗiyewa. To yanzu na gaji, kuma wanda nake yin shirun dominsa ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa. Saboda haka ku zauna ku karanta wannan har ƙarshe, kada wani ya tsallake ya ce ai ya san labarin. Ba ku sani ba.

Ku kun tashi kun tarar da Baba Sale tsoho ne mai gyaran keke a bakin titin Tudun Wada, mai rumfar kwano da ɗan shago a bayanta, da benci guda, da tsohon bahon ruwa na neman huji. Ni kuwa yayana ne, kuma shi ne uban da na sani. Mahaifinmu ya rasu ina aji biyu, Yaya Sale ya ajiye littattafansa ya shiga koyon gyaran keke don ni in ci gaba da karatu. A kariyar kekensa ya riƙa kai ni makaranta, ina rungume da ƙugunsa, yana yi mini faɗa in buɗe ƙafa kada waya ta cinye mini diddige. Tun daga nan har na yi furfura babu keken da na hau wanda bai bi ta hannunsa ba. Ko da na sayi babur daga baya, na zo na yi 'yar motata, in zan canza taya sai na je na gaya masa, ba don ya san mota ba, don dai haka muka saba. A gidanmu ƙani ba ya sayen abin hawa Yaya bai ɗaga ya jijjiga ba. Ku riƙe wannan, don duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso.

Aikina na safiyo, mai awon ƙasa, kun san shi. Shekara talatin da biyar ina hawan duwatsu da ƙafa, na'ura a kafaɗa, Kufena kuwa na hau ta ba adadi. Da na yi ritaya sai na rasa abin da zan yi da ƙafafuna. Wata Asabar na je Wusasa dubiya, a hanyar dawowa na ci karo da Yohanna, abokina tun sakandare, wanda ya yi aikin jinya har ya ajiye. Ya gangaro ta wata hanyar shanu a gindin dutse, a kan wani keke mai ƙatuwar taya, hular kwano a ka, tsaye a kan feda, shi da wasu malaman jami'a uku. Mutumin da ya girme ni da shekara guda. Ya tsaya yana haki yana dariya, ya ce in hau in gwada. Na naɗe riga na hau, na gangara wani ɗan tudu mai tsakuwa, keken ya haɗiye duwatsun kamar babu su. Na sauka na miƙa masa abinsa. Shekara da shekaru ina saukowa daga dutse gwiwa tana ƙara, ashe akwai yadda ake saukowa ana jin daɗi. Tun a wurin na san sai na mallaki irinsa.

Yohanna bai yi mini rowar sani ba. Ya zaunar da ni a barandarsa ya yi mini karatu kamar ɗan aji ɗaya. Ya ce kada fenti ya ruɗe ni, kada kuma in kalli waɗannan masu ƙaton sifirin a tsakiya da ake jerawa a bakin titi, yawancinsu ado ne, ranar farko a dutse za su fara kuka. Tunda ni sabon shiga ne, hanyoyinsu kuma rabi hawa ne rabi gangara, in nemi mai shoka a gaba kawai, amma shoka ta gaske, wadda in ka danna za ta nutse a hankali ta dawo a hankali, ba ta yi tsalle ba. Gangar jikin ta zama mara nauyi, daidai tsayina, yadda in na dira ƙafa a ƙasa akwai sarari tsakanina da ƙarfen sama. Kan keken ya zama mai faɗi. Taya mai kauri mai haƙora, kuma ba a cika mata iska, ana barin ta da ɗan laushi don ta kama dutse. Sannan ya dafa gwiwata ya ce duk waɗannan in na rasa ɗaya da sauƙi, amma banda birki. Ya nuna mini nasa. Wani faifan ƙarfe ne a tsakiyar kowace ƙafa, da wasu 'yan takalma biyu ƙanana da ke matse shi. Shi ke riƙe mutum a gangara, ko an ratsa ruwa ko an ratsa taɓo.

"Faifan nan, Idi, ko ƙosai ka ci kada ka taɓa shi sai ka wanke hannu," in ji shi. "Ba ya shiri da maiƙo ko kaɗan."

Ranar da za mu je Sabon Gari wajen masu kekunan gwanjo, Yaya Sale ya rufe shago, ya sa babbar riga, ya jefa sifana a aljihu. Ni na zo da takarda mai jerin abin da Yohanna ya faɗa. Shi kuwa yadda yake zaɓen keke ɗaya ne tun ina yaro: ya ɗaga shi da hannu ɗaya, in ya ji nauyi ya gyaɗa kai, sannan ya ƙwanƙwasa gangar jikin da sifana ya kara kunne. In ƙarfe ya amsa, to keke ne. Duk wanda na nuna sai ya ɗaga ya dire ya ce wannan ai gwangwanin madara ne. Duk wanda ya nuna kuma in duba in ga ya kai rabin buhun masara nauyi, da birkin roba, da ƙaton sifirin ɗin nan da aka ce in guje wa. Muka yi ta zagaye har rana ta take. Mai kekunan tun yana bin mu yana bayani har ya gaji ya koma ya zauna. Can a lungu na hango wani shuɗi, fentinsa duk ya ƙwarzane, amma da na danna shokarsa ta nutse ta dawo a hankali, faifan birkinsa duka biyu a miƙe, tsayinsa kamar an auna ni aka ƙera. Yaya ya ɗaga shi da yatsa uku, ya dube ni.

"Idi, wannan in iska ta taso da kai da shi za ta kwasa. Ba kariya, ba madugadi, ba ƙararrawa. To mene ne keken a nan?"

Na ce Yaya, ni dai shi nake so. A iya sanina ban taɓa ce masa haka a kan komai ba. Ya mayar da sifana aljihu, ya ce to Allah Ya sanya alheri.

Na ɗauka an gama. Ina, ashe lokacin aka fara. Yaya bai hana ni keken ba, amma ya ƙudura a ransa sai ya mayar da shi keke. Hanyar gidanmu ta gaban rumfarsa ta bi, kuma ba yadda za a yi in wuce ban tsaya na gaishe shi ba. Kafin mu gama ina kwana ina gajiya, babban yatsansa yana kan taya. Ya danna, ya yi tsaki, ya jawo famfo. In ce Yaya da gangan na rage, ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin mai hankalin da ke hawan taya a sace da gangan ba, ya buga mata iska har ta yi tauri kamar dutsen niƙa. In na sha kwana sai in tsaya in sace ta a ɓoye, ni da furfurata, ina waige-waige kamar ɓarawon kaza. Wata rana na bar masa shi na shiga aski, na fito na tarar ya ɗaura masa kariya da waya, wai ko Innarku za ta aike ni cefane. Wata rana ƙararrawa. Wata rana na same shi da zarto a hannu yana auna kan keken, wai ya yi faɗi da yawa, zan maƙale a lungu. Da ƙyar na ƙwace. Ranar da na yi ƙoƙarin yi masa bayanin shoka, ya bar ni na gama tsaf, sannan a gaban mutanen da ke zaune a benci ya tambaye ni wai wa ya koya mini hawan keke. Aka kwashe da dariya. Daga ranar na ja bakina na tsuke. Maganar faifai da maiƙo tana kan harshena na haɗiye ta, don ban ga ta inda zan fara koya wa Yaya Sale birki ba.

Na san abin da za ku ce. Me ya hana ka kai wa wani mai gyaran? Nura ma ya taɓa tambayata haka a kan wani abu dabam. Ku fahimci halin da Yaya yake ciki a lokacin. Kekunan da ya sani, baƙaƙen nan masu birkin sanda, sun fara ƙarewa a gari. Masu kekuna masu giya duk sun koma wajen wani sabon mai gyara a Gyallesu, suna cewa tsoho bai san na zamani ba. Rumfar da a da sai ka bi layi ta koma wurin faci da buga iska. Da na ɗauki kekena na kai Gyallesu, kafin la'asar duk Tudun Wada ta ji cewa ƙanin Sale ma ya guje shi. Shi ya sa na gwammace in riƙa sace taya a bayan kwana.

Duk da wannan takaici, daminar nan ta wuce mini cikin wani daɗi da ban san da shi ba a duniya. Kowace Asabar da hantsi muna gindin Kufena. Na koyi tsayawa a kan feda, in ja jikina baya, in ɗora yatsa ɗaya a kowane birki, in kalli inda nake so in je maimakon ramin da nake tsoro. Na koyi rage giya tun kafin tudu ya kama ni. Ciwon bayan da na yi shekaru ina fama da shi ya tafi ba sallama. Innarku tana mita, ta ce na koma yaro, ta ce wanki ya ƙaru, amma ita ke zuba mini ruwa a gora. Akwai wata gangara a bayan dutsen da muke ce wa gangarar tsamiya, saboda a ƙarshenta akwai wata tsohuwar tsamiya da hanya ke karyawa a gindinta. Wata huɗu Yohanna yana hana ni ita, in mun iso sai in sauka in tura ina kallon su suna wucewa. Da damina ta zo ƙarshe ya ce na isa, Asabar mai zuwa tawa ce. Satin nan ko abinci ban ci da kirki ba.

A Asabar ɗin da ya faɗi haka mun ratsa wani rafi, yashi ya shiga, birkina ya fara wata ƙara mai tsinka kunne. Yohanna ya ce ba komai ba ne, zai wanke mini kafin mu hau. Ran Juma'a na biyo ta rumfa, na matsa birki zan tsaya, ya yi kukansa. Yaya ya ɗago kai. Lokacin masallaci ya gabato, hanya ta cushe, sai ya ce in bar keken in yi gaba, zai sa shi a shago ya rufe ya biyo ni. Da aka sauko na ja abina, na ji kukan ya ɗauke ɗif. Ban tambaye shi abin da ya yi masa ba. Wallahi har daɗi na ji. A ƙa'idar Yaya, da ta duk mai gyaran da ya koyi aiki a zamaninsa, ƙarfen da ke kuka mai yake nema. Sarƙa ta yi kuka, mai. Feda ta yi kuka, mai. Yana da wata 'yar butar baƙin mai mai dogon baki da ba ta nisa da hannunsa, kun san ta. Na san wannan ƙa'ida kamar yadda na san sunana, amma ranar hankalina yana kan tsamiya. Na ji birkin ya ɗan yi sanyi a hanyar gida, to amma daga rumfa zuwa gida shimfiɗaɗɗiyar kwalta ce, a hankali nake tafiya, ya tsayar da ni. Washegari aka zo da a-kori-kurar ɗaya daga cikin malaman muka loda kekuna. Yohanna ya tambaye ni ƙarar, na ce ta daina da kanta. Ya ce to madalla. Hawa kuma ba ya neman birki.

Yohanna ya fara sauka, ya tsaya a ƙasa yana jirana. Na yi bisimilla na sake. Da farko lafiya lau. Da gudu ya fara yawa na matsa da yatsa ɗaya, ban ji komai ba. Na sa biyu. Na damƙe da duk ƙarfina, keke ko a jikinsa. Ga tayar da Yaya ya buga wa iska, wadda ɗoki ya sa na manta ban sace ba, tana ta tsalle a kan duwatsu. Na ga tsamiya tana tahowa. Abu na ƙarshe da nake tunawa shi ne na karkata don kada in yi karo da ita. Ƙafafuna ban sani ba ko sun ɗaga sama, Hauwa, ba ni da lokacin dubawa. Da na dawo hayyacina hular kwano ta tsage, ƙashin kafaɗata na dama ya karye, numfashi ma da ƙyar nake ja saboda haƙarƙari. Yohanna ya duba ni yadda ya iya, ya tuɓe rigarsa ya ɗaure mini hannu a ƙirji, ya tura malaman su zagayo da mota. Muna nan mu biyu ya tashi ya je wajen keken. Na ga ya durƙusa, ya shafa faifan baya, ya shafa na gaba. Ya dawo ya nuna mini yatsansa, baƙi ƙirin, yana sheƙi.

"Wa ya taɓa maka keken nan?"

Ba ya ma buƙatar amsa, ya san rumfar Yaya, ya san butar. Na kwanta a gindin tsamiya ina kallon ganye, raina yana tafasa fiye da yadda kafaɗata ke zogi. Da Yaya yana wurin a wannan minti, ban san abin da zai fito daga bakina ba. Amma ina cikin haushin na hango yadda maganar za ta bi gari: Sale mai keke ya zuba wa birki mai, ya kusa kashe ƙaninsa. Ko facin ma ba wanda zai sake kawo masa. Mutumin da ya bar makaranta saboda ni zai ƙare ana nuna shi da baki.

"Goge hannunka, Yohanna," na ce. "Ni na tsorata na saki kan keke."

Ya ce shi ba zai yi ƙarya ba. Na ce to kada ka ce komai. Daga ƙarshe ya goge yatsan a ciyawa. Har yau bai faɗa wa kowa ba, Allah Ya saka masa.

Abin da na gani a gidan nan bayan an sallamo ni daga asibiti, ku ne shaida, don ku kuka yi shi. Innarku ta yi kuka ta gama, sannan ta buɗe faifan faɗa, sati uku bai ƙare ba. Nura ya taso daga wurin aikinsa, Hauwa ta taso daga Kaduna, kuka zauna a kaina kuka yi taro kamar ba na ɗakin, kuka yanke cewa ni da keke har abada. Masu dubiya kowa ya zo da wa'azinsa a aljihu. Wannan ya ce Malam Idi girma ya zo, sai haƙuri. Wancan ya ce sa'o'inka suna sahun gaba a masallaci kai kana kan dutse. Wata gwaggonku har tambayata ta yi ko mutanen dutsen ne suka kira ni, a nemo mini rubutu. Ni da na yi wata huɗu ina koyo a tsanake, ni da na zaɓi kekena ƙarfe bayan ƙarfe, na zama sakaran tsoho abin kwatance. Magana ɗaya tak ta isa ta wanke ni, tana nan a bakina safe da yamma, ina taunawa ina haɗiyewa tare da maganin asibiti.

Yaya kullum da safe yana zuwa, ya zauna a bakin ƙofa, ya yi mini sannu idonsa a ƙasa. A rana ta uku ya ce da Innarku a ba shi keken ya ajiye a shago, kada in warke in sake ɗauka. Gida ya ɗauka da yabo, ana cewa ai babba babba ne. Ina kwance ina ji ya saɓa shi a kafaɗa, ƙafar gaba a lanƙwashe, ya fita. Ranar na ciji matashi don kada in yi ihu.

Ya rataye shi a cikin shago, daidai ƙofa, yadda duk mai wucewa zai gani. Ni kuwa abin da na karanta a ratayar nan shi ne: ai na faɗa maka. Na rufa masa asiri, shi ya kwashi yabo, kuma ya rataye mini abina a ido. Zumunci ban yanke ba, kada wani ya ce na yanke. Kullum ina gaishe shi, da Sallah ina kai masa abin da na saba, bikin 'ya'yansa ni ke tsayawa. Amma ban ƙara zama a bencin nan ba. Gaisuwa a tsaye, in wuce. Jira nake ya ce Idi, ni ne. Iyakar abin da nake nema ke nan, kuma na rantse a raina ba zan roƙa ba. Na ji labarin wasu sun nemi ya sayar musu da keken, ya ce ba nasa ba ne. Sau da yawa in zan wuce sai ya ce Idi ba ka zama, in ce sauri nake. Saurin me, mutumin da ya yi ritaya? Akwai ranar da ya tambaye ni ko kafaɗar ta warke sarai, na ce ta warke. Ya ɗaga kai ya kalli keken, ya dawo ya kalle ni. Na ɗauka gatse ne, na ce sai an jima. Haka muka yi shekara bakwai. A cikinsu Yohanna ya koma Jos wajen 'yarsa, malaman nan suka watse, gwiwoyina kuma suka ce sun gama aiki.

Bara da Yaya ya rasu, bayan an share makoki, matarsa Yaya Asabe ta aiko a kira ni. Ta miƙo mini makullin shago ta ce in je in duba kayan aikinsa, ta yafa mayafi ta biyo ni. Na buɗe, na taka benci na sauke keken, ina shirin cin ƙura. Babu ƙura. Babu kariya, babu ƙararrawa. Ƙafar gaba an miƙe ta tsaf. Na danna taya da babban yatsa, na ji ta da ɗan laushi, daidai yadda nake barin ta a bayan kwana. Faifan nan biyu fes suke suna ƙyalli, takalman birki sababbi. Na ɗaga baya na juya feda, ƙafa ta ɗauki gudu, na matsa da yatsa ɗaya. Ta tsaya cak.

Yaya Asabe ce ta ba ni sauran labarin, tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce ko wata guda ba a yi da faɗuwata ba ya saɓa keken ya tafi Gyallesu da ƙafarsa, wajen mai gyaran nan da ya kwashe masa mutane, wanda a haife ya haife shi. Kwana uku yana zuwa yana zama a bencinsa ana koya masa birkin faifai. Daga nan kowace Juma'a kafin masallaci sai ya sauke keken, ya goge faifan da wani farin tsumma da ba ya bari kowa ya taɓa, ya duba iskar taya, ya mayar ya rataye. Ta ce ta sha tambayarsa me ya hana shi gaya mini, sai ya ce gidan sun hana ni hawa, shi ba zai kai mini da hannunsa ba, amma in na zo na zauna na tambaya, a shirye yake. Sannan ta gyara mayafinta.

"Ranar da jikin ya tsananta ya bar maka saƙo," ta ce. "Ya ce in ka zo ɗaukar kekenka, in gaya maka wannan karon bai sa mai ba."

Na zauna a bencin nan, karo na farko a shekara bakwai. Yaya Asabe ta ja mini ƙofa ta tafi.

To kun ji. Ban tsorata ba, ban saki kan keke ba, kuma ba keken yara na saya ba. Amma kada in ji wani ya buɗe baki a kan Baba Sale, don shi abin da ya sani ya yi, kuma da ya gane bai sani ba ya tafi ya koya, da gemunsa fari. Ni ne na kasa gaya masa magana ɗaya kafin abin ya faru, na kuma kasa zama minti biyar bayan ya faru. Wannan haushin da kaina nake yi, kuma ba na jin zai wuce. In za ku ba da labarin a wajen suna, ku ba da shi duka, mu ga wanda zai yi dariya.

Keken yana ɗakina a jingine, gwiwa ba ta bari in hau. Ran Juma'a ni ke goge faifan yanzu. Duk wanda yake son hawa a cikinku ya zo ya zauna ya tambaye ni, zan ba shi. Amma ya wanke hannu tukuna.